Wane Ne Kai?

Ƙarfe shida da rabi waya ta tashe ni.
Madam Folake ce, murya a sama:
"Sagiru, akwatinku ya sake yi.
Layi ya fita ƙofa, ya kai wajen mai ƙosai."

Na ɗale danfo a Agege, ruwa na zuba,
jakar aiki a cinya,
bakin sukundireba yana tsikara ta.

Su uku ne a zauren asibitin, jere jikin bango.
Aikinsu bai taka kara ya karya ba:
wuta ta zo, su farka,
su shige da kansu ba sallama,
su ba mai ciki lamba, su ba mai tari lamba.
Biyu sun shige.
Ta tsakiya ta toge a bakin ƙofa,
allo shuɗi, gurbi biyu fari fat,
tana tambayar duk wanda ya matso:
wane ne kai, ina kalmar sirri?

Wata tsohuwa ta sunkuya ta faɗa mata sunanta,
har da na mijinta marigayi.
Ko gezau.

Na fara da abin da kowa ke farawa.
Kashe, kunna. Ta sake tambaya.
Na leƙa baya ko ɓera ya yi ɓarna,
waya lafiya lau, fitilarta na ƙiftawa.
Na ce ko sabuntawar dare ce ta share saiti,
na buɗe cikinta ina bi layi-layi:
suna na nan,
umarnin shiga da kai na nan inda na bar shi.
Kalmar sirri kuwa ba ta tsufa ba,
ni na sauya ta ranar sunan 'yar Obiora.
Na buga ta da yatsuna, harafi-harafi.
Ta ce ba ta san ni ba.

Gumi ya jiƙa min wuyan riga.
A baya wani ya yi tsaki,
ya ce Allah ya jiƙan kati da biro.

Sai idona ya faɗa can ƙasan allo, a kusurwa,
inda ba mai kallo:
ɗaya ga Janairu, dubu biyu da goma sha biyu.

Ashe!
Agogonta ya koma shekarar da aka ƙera ta.
Babbar kwamfutar ofis tana zaune a yau,
ita kuwa tana ƙwanƙwasawa daga shekarun baya.
Wa zai zare sakata
don baƙon da ya rantse yau jiya ce?

Batir ne, ɗan mitsitsi, bai fi kwabo ba.
Lema da iskar teku sun lashe shi har ya yi kore.
Na ɓamɓare shi da farce, na sa sabo,
na gaya mata rana, na gaya mata wata.
Ta shige ko waiwaye babu.
Lamba ta ɗaya ta faɗo a tafin tsohuwa,
Madam Folake ta tafi ba godiya,
wanda a wurinta shi ne godiyar.

Bayan isha'i na iso gida.
Baba na kan kujerar roba a ƙofar ɗaki,
shi da ya yi shekara arba'in
yana kasa albasa a Mile 12,
ba ya mance bashin ko sisi.
Ya ɗaga kai ya dube ni tun daga takalmi.
"Yaro, wane ne kai?
Jirgin Kano ya iso Iddo kuwa?"

Na faɗa masa sunana,
sunan da shi ya raɗa min a kunne.
Ya jinjina kai irin na mai kunyar baƙo.

Mataccen batir na cikin aljihuna,
ina juya shi da yatsa.
Na ce, "Bai iso ba tukuna, Baba."
Na jawo benci,
muka zauna jiransa.